Rumbunan albasa a Wurno da Galmi da Malanbil: inda aka kwana

18 ga Nuwamba, 2024

Albasa ta yi tsadar da mai miya a Sakkwato sai ta tsaya ta yi lissafi kafin ta sayi ƙwaya uku. Ambaliyar daminar bana ta ci gonaki a nan da Nijar, iri ya yi wuya, man injin ban ruwa kuwa bai sauko ba tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Sai dai manomin da ya yi wahalar albasar rani ba shi ke cin wannan tsada ba. Shi ya sayar tun Maris ko Afrilu, lokacin da kowa ke cire tasa, buhu ya faɗi warwas. Bashi na jiransa, kuma ko ya so ajiyewa, rudun da yake da shi, wato ma'ajin albasa na gargajiya, ba ya riƙe kaya har ƙarshen damina. Wasu manoman kan ce sulusi ke ruɓe musu, wasu su ce rabi.

Aikin da ƙungiyarmu ta sa a gaba shi ne gina rumbun ajiya mai shan iska a wuri uku: ɗaya a ƙasar Wurno, ɗaya a Galmi cikin jihar Tawa ta Nijar, ɗaya a Malanbil da ke arewacin Jamhuriyar Benin. Kowane rumbu zai zo da asusun bashi, don manomi ya ajiye kayansa ya karɓi abin kashe wutar gabansa.

Ana yawan tambayarmu dalilin tsallaka iyaka alhali na gida bai wadatu ba. Dalilin shi ne kasuwar ɗaya ce. Motocin da ke tashi daga Galmi da Madawa da Wurno da Aliero, duk Kwatano da Lome da Akra da Kumasi suka nufa. Idan albasar Galmi ta cika kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar Akra daga Agbogbloshie a 2021, manomin Wurno zai ji a aljihunsa cikin mako guda. Wanda ya ajiye kaya bai san lokacin da maƙwabcinsa zai fitar da nasa ba, zaman jiran tsammani kawai yake yi.

Takardunmu sun kammala: rajistar CAC, hukumar da ke rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da takardar SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki ke nema kafin ƙungiya irin tamu ta yi hulɗa da shi. Mun kuma aika takardar neman tallafi ga wata gidauniya a Turai. Sun ce sai bayan sabuwar shekara.

30 ga Disamba, 2024

Mun dawo daga Galmi ta Birnin Ƙonni da Illela. Tafiyar ta zo a mummunan lokaci. Ranar 25 ga wata Janar Abdourahamane Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi hira da Hausa inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnatin Najeriya ta musanta, kuma maganar ta cika kowace majalisa a ɓangarorin biyu. Na yi zaton abokan namu za su ce a dakata. Shugaban manoman da ya sauke mu, dattijo ne da ya aurar da ɗiyarsa a Gwadabawa, cewa ya yi: "Malam, wancan zancen na manya ne. Mu kam zumunta a ƙafa take, kun taho, shi ke nan."

Ba su manta da watannin rufe iyaka ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an garƙame hanyar Illela, sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗewa. Albasa ba gero ba ce da za ta jira 'yan siyasa su shirya. An yi asarar da har yanzu wasu ba su farfaɗo ba, kuma wannan ne ya sa suka fi mu son rumbun.

A harkar albasa su ne malamanmu, wannan ba abin musu ba ne. Irin Galmi, jan nan mai yaji, sunansa ya zagaye Afirka ta Yamma, kuma an san shi da jimirin ajiya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsarin da suke kira warantaj, wanda ya yaɗu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 da taimakon FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manoma kan zuba amfaninsu a sito ɗaya, a sa kwado biyu a ƙofa, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da bashi. Ba mai buɗewa sai da ɗan'uwansa. Idan farashi ya tashi a sayar, a biya bashi, ragowar na manomi ne. An fi yin sa da gero da wake, domin su ba sa ruɓewa. Yin sa da albasa na bukatar rumbu na ƙwarai da mai duba shi kullum.

Sharaɗi ɗaya manoman Wurno da suka raka mu suka kafa tun a can: ba su shiga bashi da ruwa. Na Galmi ma da yawansu abin da ya hana su shiga tsarin ke nan. Mun rubuta shi a matsayin ƙa'idar farko.

5 ga Fabrairu, 2025

Abu biyu sun faru cikin kwana goma. Ranar 20 ga Janairu Shugaba Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90, ayyukan USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, suka tsaya cik. Ranar 29 ga wata kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, a kuma bar kayansu su shiga kamar da, har sai an yanke wata shawara. Wannan ya ɗan kwantar mana da hankali.

Mu ba kuɗin Amurka muka nema ba, amma abin ya taɓa mu. Gidauniyar da muke jira ta rubuto cewa ƙungiyoyin da ke ciyar da yara masu tamowa da masu raba magani sun yi mata caa, don haka ta ɗage duk sabon aiki. Ba na ganin laifinsu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara masu tamowa a jihar nan ya san wanda ya kamata a fara ceta.

Amma albasa za ta fara fitowa nan da mako biyar ko shida. In ba a aza tubali yanzu ba, shekara ta wuce.

27 ga Fabrairu, 2025

Birtaniya ma ta sanar shekaranjiya cewa za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasar nan da 2027. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa mu daina lissafi da kuɗin da bai iso ba. Za a nemi kuɗin rumbun Wurno a cikin gari, cikin azumi. Galmi za su nemi nasu. Malanbil sai ta jira.

20 ga Maris, 2025

Yau 20 ga Ramadan. Makonnin nan ukun su ne suka fi koya mini yadda ake neman kuɗi a garinmu.

Mun fara da manyan dillalai da masu motocin da ke kai kaya kudu da Gana. Da farko da takardar da aka rubuta wa Turawa muka je, mai shafuka da yawa da jadawali. Wani Alhaji da ya shekara da shekaru yana lodi zuwa Kumasi ya juya ta sau biyu ya ajiye, ya ce: "Malam, bar takardar ga. Wa ka riƙon makulli? In kaya sun ruɓe, wa ka biya?" Tambaya biyu ke nan da takardar ba ta amsa ba, kuma su ne ainihin maganar. Da muka koma da amsa, cewa makulli ɗaya na manoma ne, ɗaya na waɗanda suka zuba kuɗi, ruɓewa kuma ana raba ta gwargwadon buhunan kowa bayan an auna kaya ranar shiga, sai ya yi alkawarin kwanon rufi da katako gaba ɗaya. Ya kuma kira abokan harkarsa a gabanmu.

Ya kamata a faɗi gaskiya: dillali yana da riba a faɗuwar farashin kaka, domin shi ke saye da araha. Wasu sun ƙi mu saboda haka, ba su ma ɓoye ba. Waɗanda suka yarda kuwa lissafinsu daban ne. Sun gaji da neman kaya mai kyau a Agusta da Satumba su rasa, abokan cinikinsu na Akra su koma wajen wasu.

Sai batun zakka. Mutane da yawa sun ce za su ba mu daga zakkarsu, tunda watan fitarwa ne ga mafi yawan 'yan kasuwa. Muka kai maganar gaban malamai. Amsarsu ba ta da kwana: zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya ba a gina sito ko masallaci da ita. Sun ƙara tunatar da mu cewa ita kanta albasa, kamar sauran kayan lambu, babu zakkar amfanin gona a kanta a wajen Malikiyya, sai dai zakkar kasuwanci ga mai juya ta. Ƙofar da suka buɗe mana ita ce waƙafi. Ginin zai zama waƙafi, ba mai sayarwa, ba mai gado. Sannan Malikiyya sun halatta waƙafin tsabar kuɗi don a riƙa ba da rance ana mayarwa. Wannan ya warware mana matsalar bashi da ruwa: manomi zai mayar da daidai abin da ya karɓa, sai ladan ajiya na kowane buhu da za a biya mai gadi da masu tsinta, ladan da ba ya ƙaruwa da yawan bashin.

A jihar da ke da Hukumar Zakka da Waƙafi, ba sai an yi dogon bayanin wannan kalma ba. Wani dattijo ya ba da filin da za a yi ginin, ya ce a rubuta ladan ga mahaifiyarsa.

24 ga Afrilu, 2025

Rumbun Wurno ya tsaya, an kuma fara zuba kaya. Ginin ƙasa ne mai tsawo, da tagogin iska sama da ƙasa, da rufin kwano da aka shimfiɗa wa zana don rage zafi. A ciki akwai gadajen katako hawa-hawa, nesa da ƙasa, ana baza albasa a kai ba tare da an tula ta ba. Magina biyu daga Galmi suka zo suka yi aikin tare da namu, kuma kuɗin motarsu ƙungiyarsu ce ta biya. A wurina wannan shi ne kuɗin waje na farko da ya shigo aikin.

Rikici ya tashi a ƙofar rumbu. Ba kowace albasa ake karɓa ba. Wadda aka yi wa ban ruwa har ranar cirewa, ko aka ɗura mata takin yuriya don ta yi ƙiba, ko aka yanke mata lawashi kafin wuyanta ya bushe, ba ta ajiyuwa, kuma in ta ruɓe sai ta ja na kusa da ita. Dole a yanke ruwa kafin girbi, a bari ganye ya kwanta, a shanya ta a inuwa har wuya ya ƙafe. An mayar da buhunan wasu manoma, ciki har da na ɗan'uwan wanda ya ba da fili. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Sai da sarkin noma ya zaunar da shi: "Yaya, in an karɓi taka yau, gobe ba mu da bakin hana kowa." Ya kwashe kayansa, amma ya ce a rubuta sunansa a na baɗi.

Asusun rance bai kai yadda muka so ba. Waɗanda bashin taki ya fi matsa wa aka fara bai wa, sauran suka ajiye kaya ba tare da sun karɓi komai ba.

Ta ɓangaren gwamnatoci, ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai a wannan wata, an yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda take nan tun 1971. Allah ya sa abin ya iso bakin iyaka, inda direba ke ƙirga shingayen jami'ai tsakanin Ƙonni da Sakkwato.

12 ga Yuni, 2025

Galmi sun gama nasu ginin da kuɗin mambobinsu da gudummawar 'yan garin da ke fatauci a Abijan da Akra. Abin da ya rage musu asusun rance ne, kuma kwamitinmu ya amince a ba su wani kaso daga abin da ya shigo bayan Sallah. Nan muka gane cewa tara kuɗi daban, tsallaka da su iyaka daban.

Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 kowace rana da farashinta. Alkawarin da aka yi da naira, kafin ya zama jika a hannun manomin Galmi ya rame. Ta banki abin na ɗaukar lokaci da caji. Ta hannun 'yan canjin Illela kuwa cikin sa'a guda an gama, da amanar da ta girmi bankunan, sai dai ba takardar da mai binciken asusu zai karɓa. Mun zaɓi banki duk da jinkirinsa, domin kuɗin waƙafi ne, kuma duk mai tallafin da zai zo gaba littafinmu zai fara buɗewa. Daga yanzu kowane alkawari tsakanin ƙungiyoyin za a rubuta shi da kuɗin ƙasar da za a kashe shi.

Batun Malanbil ya fi wuya. Benin da Nijar kuɗinsu ɗaya, babban bankinsu ɗaya a Dakar, gada ɗaya ce tsakanin Malanbil da Gaya, amma Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Mutane na tsallaka kogin Kwara da kwalekwale, motocin kaya kuwa sai dogon zagaye. Saboda haka a Sakkwato wakilan uku suka haɗu, na Malanbil suka biyo ta jihar Kabi. An rubuta yarjejeniya da Hausa da Faransanci da Ingilishi, aka kuma amince cewa in an sami saɓani ta Hausa ce abin komawa, tunda da ita aka yi zancen, har da 'yan Dendin da suka zo.

Abin da ke ciki kaɗan ne: kowace ƙungiya ita ke da rumbunta da asusunta, ba wadda ke shugabantar wata, kowane mako za a aika farashin buhu a zauren WhatsApp, kafin a buɗe rumbu don sayarwa a sanar da sauran.

9 ga Agusta, 2025

Damina ta kankama, laima ta cika iska, yanzu ne ake gane rumbu. Mata ne ke tsinta, suna bin gado-gado suna fitar da wadda ta yi laushi ko ta fara tsiro. Akwai asara, ba za a ce babu ba, amma manoman da ke da kaya a rudu a gida sun zo sun gani da idonsu, kuma jerin masu neman wuri na baɗi ya riga ya fi ƙarfin ginin.

Matan sun kawo maganar da babu ita a tsarinmu. Wadda aka fitar ba duka ce ta lalace ba. In an yanka an shanya tana shiga kasuwa, haka lawashin da ake zubarwa a kaka ana yin gabu da shi. Suna son a sayar musu da ita da rahusa, su biya daga adashinsu. Shugabarsu ta ce mini: "Malam, mu ba kyauta muka ce ba. A sa muna farashi, a rubuta." Matan Galmi sun riga su nisa a wannan, domin Nijar ce gidan Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mun shirya wasu daga cikinsu su zo Wurno bayan ruwa ya ɗauke.

Wata damuwa ita ce tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, sun sa baƙon da zai zo duba aiki yakan tsaya a cikin birni. Mu ma ba ma kai yamma a hanya.

21 ga Oktoba, 2025

An buɗe kwado biyun a ƙarshen Satumba, bayan an sanar da Galmi, su kuma suka jinkirta nasu don kada kayan su haɗu a kasuwa ɗaya. Alhajin da ya ba da kwano ya sayi kaso mafi girma a farashin ranar, ba a rage masa ko sisi ba, bai kuma nema ba. Rancen ya dawo asusu, in ban da na mutum biyu da rashin lafiya ta shiga gidajensu, waɗanda kwamiti ya ɗaga wa ƙafa zuwa girbin shinkafa.

Gidauniyar Turan ta dawo. USAID dai ta rufe tun 1 ga Yuli, kowa ya rage buri, su ma abin da suke magana a kai bai kai abin da muka nema bara ba. Amma zaman ya bambanta. Bara takarda muka kai musu, bana littafin shiga da fita da rumbu biyu a tsaye. Sun ce za su ƙara daidai abin da muka tara da kanmu, kuma sun fi son kuɗin ya tafi Malanbil. Wannan ya yi mana daidai. Inda muka tsaya da su wuri biyu ne. Suna son asusu ɗaya a Sakkwato da zai riƙe kuɗin ƙasashen uku, don rahoto ya yi musu sauƙi. Mun ƙi, domin ranar da mutumin Galmi zai riƙa jiran sa hannun mutumin Sakkwato kafin ya sayi zana, yarjejeniyar Yuni ta mutu. Suna kuma son a sa ɗan ruwa a kan rancen don asusun ya riƙe darajarsa. Damuwarsu gaskiya ce, faɗuwar naira na cin waƙafin kuɗi a hankali, kuma mu ma muna ganin haka a littafi. Mun mayar da tambayar ga malamai: ko a riƙa ba da rancen da buhun taki da iri a maimakon tsaba, a kuma mayar da irinsa. Sun ce a ba su lokaci su duba.

Kafin ƙarshen Nuwamba akwai aiki uku a gabanmu. Mutanen Malanbil su kawo takardar filinsu daga ofishin magajin gari. A rubuta waƙafin Wurno a hukumance da sunayen masu kula da shi. Sannan a zagaya gonakin waɗanda suka yi rajistar baɗi tun yanzu da ake shirin dashe, a yi maganar taki da ranar yanke ruwa, don kada a sake mayar da buhun kowa daga ƙofar rumbu a watan Afrilu.